Gammon da Malam Ya Ƙona

Jiya na ga wani ɗan dako yana naɗa gammo a kasuwar Azare, sai Malam ya faɗo mini a rai.

Tun yana yaro aka sa shi aikin hanya na tilas, dorina ta zane masa baya. Shi ya haɗa kan 'yan dakon gyaɗa suka ajiye aiki har aka ƙara musu lada. Kafin ka yi magana a taronsa, sai ya shafa tsakar kanka ya ji ko akwai kantar dako.

Mijina, shi ma ɗan dako, ya koma aiki ana cikin yajin, don 'yarmu tana kwance. Na je na durƙusa gaban Malam.

"Malam, yunwa ce ta sa shi."

"Tashi, 'yata," ya ce a hankali. Sannan ya ɗauki gammon mijina, wanda na naɗa da tsohon zanena, ya jefa a wutar mai tsire. Har yau ina jin ƙaurin.

Buhun gyaɗa sai an ɗora maka. Daga ranar babu wanda ya sake ɗora wa mijina. Malam ya zama kansila, mijina ya mutu yana ƙwadago a Gadau.

Allah ya jiƙan Malam. Amma Allah ya fara tambayarsa zancen gammon nan tukuna.