Hannun Inna Kawai Ya Fito

Assalamu alaikum, Edita. A lokacin da abin nan ya faru ni magidanci ne mai shekara arba'in da 'yan kai, ɗan kasuwar hatsi a Kibiya. Ina sayen dawa da masara da gyaɗa a ƙauyukanmu, in loda a mota in kai Kano. Allah ya rufa mini asiri, kuma a kasuwa ana yi mini shaidar kaifin ido. In na damƙi hatsi a tafin hannu na san na bana ne ko na bara, na san wanda ƙwaro ya fara taɓawa tun kafin a kwance buhu. Wannan shaidar ce ta hau mini kai, har na ɗauka babu wani kaya a duniya da zan kalla in kasa gane mai kyau. Na rubuto muku ne don abin ya daɗe yana cina a rai, kuma na kasa faɗa wa abokan zamana, saboda na san su, dariya za ta kashe su tun kafin in kai inda ake kuka.

'Yata ta fari sunan mahaifiyata ta ci. Tun da aka yaye ta Inna ta ɗauke ta, a ɗakinta ta girma a Nariya, ba ta bar wurinta ba sai da ta shiga sakandare a Rano. Ni kuwa tarbiyyar da aka yi mini ta da ce: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a sakar masa fuska a gaban mutane. To ita abu biyu suka haɗu a kanta, ga ta 'yar fari, ga ta mai sunan uwa. Har ta kai shekara goma sha shida ban taɓa zama mun yi hirar minti biyar da ita ba. Ta durƙusa ta gaishe ni, in amsa ina kallon wani wuri. In tana son wani abu ta faɗa wa mahaifiyarta, in ina da saƙo ni ma ta nan yake bi. Ba ƙi ba ne, Allah ya sani duk cikin 'ya'yana babu wadda nake ji kamarta. Kunya ce kawai, kuma a lokacin ina ganin kunyar nan ado ce.

A makarantarsu akwai wata malama da take koya wa 'yan mata ɗaukar hoto, a nan yarinyar ta kamu da son abin. In ta zo hutu wayar mahaifiyarta ba ta hutawa, ta ɗauki kaji, ta ɗauki rumbu, ta ɗauki mata suna sussuka. Mutum ɗaya ne ta kasa ɗauka, wato Inna. Tsohuwar nan tunda take ba a taɓa ɗaukar hotonta ba, ko katin zaɓe ta ƙi yi saboda haka. Waya kuwa in aka ɗaga ta a gabanta sai ta ja mayafi ta rufe fuska, tana cewa ita ba za ta shiga abin da ake tura mutum gari-gari maza suna kallo ba. A shekarar da nake ba ku labari kuma Inna ta faɗi a bakin rijiya ta karye a ƙugu, aka yi ɗori bai kama ba, ta koma kwance. Yarinyar ta yi ta lallashinta da wasan jika da kaka, har ranar nan Inna ta sakko. Ta ce ta yarda a ɗauke ta, amma da sharaɗi biyu: takwararta ce za ta ɗauka da hannunta, kuma da abin ɗaukar hoto na gaske, irin wanda aka ɗauki marigayi mahaifina da shi lokacin da zai tafi Makka, ba waya ba.

Da labarin ya iso ni ta bakin mahaifiyarta, sai na ji daɗi har cikin raina. Dama saukar Alƙur'aninta ta matso, ina ta tunanin abin da zan ba ta. Na aika a gaya mata kyamara ce kyautarta. Bayan kwana biyu matata ta miƙo mini wata 'yar takarda da aka yago daga littafin makaranta. Yarinyar ce ta rubuta, malamarta ta taya ta. Sun rubuta irin kyamarar da ta dace da mai koyo, wadda ake cire mata gilashin gaba a sauya wani, sun kuma ja layi biyu a ƙarƙashin wata magana: a haɗo da ɗan gajeren gilashin da yake zuwa tare da ita. Na ninke takardar na sa a aljihu.

Da na sauke kaya a Kano sai na nemi shagon masu sayar da kyamarori. Mai shagon dattijo ne mai sanyin magana. Ya karanta takardar, ya ce wanda ya rubuta wannan ya san abin da yake so, ya ɗauko kyamarar ya ɗaura mata gilashin ya ajiye a gabana. Edita, da na ga gilashin nan sai na raina shi, don bai fi gwangwanin madara ba. Na ce a raina, yanzu wannan zan kai gaban jama'a ranar walima a ce shi ne kyautar da na yi wa 'yata? Ina ɗaga kai sai na hango wani a saman kanta, fari, dogo, ya kusa kamu guda, irin wanda nake gani a hannun masu bin manyan mutane a wurin taro. Na ce a sauko mini da shi. Dattijon ya sauko da shi, amma ya ce wannan na ɗaukar abin da yake nesa ne, tsuntsu a kan bishiya ko 'yan ƙwallo a fili, kuma sai da rana tsaka. Ya ce in abu bai yi nisan taku shida ko bakwai ba, ba zai ma gan shi ba. Ya tambaye ni me yarinyar za ta riƙa ɗauka, na ce komai da komai. Ya ce to in ɗauki ƙaramin, in ta ƙware ta dawo ta zaɓi babba da kanta.

A sana'armu in mai kaya ya matsa maka ka ɗauki wani buhu, to wannan buhun za ka fi bincikawa. Da wannan idon na kalli dattijon. Na kuma raya a raina cewa ya ga hulata da ƙurar buhu a rigata, ya ɗauke ni baƙauyen da ba zai iya sayen babba ba. Da ya ga na kafe, sai ya ce abu ɗaya yake roƙona, in kira yarinyar a waya ya yi mata bayani, ita ta zaɓa. Ranar Asabar ce, ta zo gida hutun ƙarshen mako, wayar mahaifiyarta tana kusa da ita. Amma yaya zan kira 'yar fari in tsaya ina shawara da ita a gaban baƙo? Na ce masa ni na haife ta, ba ita ta haife ni ba. Ya ce to ko duka biyun in haɗa, na ce wanda yake da doki me zai yi da jaki. Sai ya naɗe mini kyamara da dogon gilashi, ya ce in an sami matsala ƙofarsa a buɗe take.

Ranar walima kyautar nan ta yi abin da na saye ta dominsa. Maza suka yi ta ɗagawa suna jinjina nauyinta, ana cewa lallai Alhaji ya yi bajinta. Matata ce ta gaya mini daga baya cewa da yarinyar ta buɗe kwalin ta daɗe tana laluben ƙasansa, tana ɗaga takardu, sannan ta rufe kwalin. Da yamma ta zo ta durƙusa ta yi mini godiya, ta yi addu'a mai tsawo. Ba ta ce komai a kan gilashin ba, ni ma ban tambaya ba.

Juma'ar da ta biyo baya muka tafi Nariya. Inna ta sa an yi mata wanka tun hantsi, an sa mata lalle tun jiya, ta sa kwalli, ta ɗaura zanen da ta daɗe tana ajiya a ƙasan adaka. Aka jingina ta da matasai. Rabon da in ga fuskarta da haske haka tun kafin ta faɗi. Tana ta tsokanar yarinyar, wai ta yi sauri kafin kwalliyar ta tsufa. Ɗakin Inna ɗakin ƙasa ne, taku uku ne daga gado zuwa bango, taga ɗaya ƙarama. Yarinyar ta ɗaga kyamara ta leƙa, ta ja da baya, ta sake ja har bayanta ya bugi bango. Ta murɗa gilashin hagu, ta murɗa dama. Ina tsaye a bakin ƙofa ina ganin yadda nauyin gilashin yake rinjayar hannunta. Duk wanda ta ɗauka in ta duba sai ta ga hazo kawai. Ta fita tsakar gida ta auna ta ƙofa, amma gadon yana gefe ne, daga waje ba a hango fuskar mai kwanciya. Abin da ake hangowa kawai gefen gadon ne, inda rana take shigowa ta sauka a kan hannun Inna.

Ƙanena ya ce a ɗauko ta da katifar a fito da ita inuwar darbejiya. Muka gwada, muna ɗagawa ta yi wata ƙara da ban taɓa jin ta yi ba, muka mayar da ita. Da ta huta sai ta yi murmushi, ta ce mu bar wahalar da kanmu, ɗauka ɗaya ce ta rage mata daga ɗakin nan, kuma wannan ba sai an nemi izininta ba. Matar ƙanena ta ɗaga waya a hankali, Inna ta gani ta ja mayafi. Ta ce wa yarinyar kada ta damu, ta je a gyaro abin, ita tana nan. Yarinyar ta fita bayan ɗaki, na ji tana kuka ƙasa-ƙasa, ni kuwa na tsaya ina faɗa wai ba ta iya ba ne, a ba ta lokaci ta koya.

A hanyar komawa gida na san gaskiya, kuma na san maganinta: in koma wurin dattijon in ce na yi kuskure. Lokacin girbi ya kama, sau uku ina shiga Kano da kaya a cikin makonnin nan, sau uku ina cewa sai zuwa na gaba. Ba lokaci na rasa ba, fuskar da zan kalli mutumin da ita na rasa. Yarinyar ta je wurin wani mai hoto a Rano neman aron ƙaramin gilashi, aka tarar nasa na wani kamfani ne, ba ya hawa tata. Ya ce zai ara mata kyamararsa gaba ɗaya na yini guda. Da matata ta gaya mini sai na hau faɗa, na ce ba za a ji a gari cewa na sayi kyamara ana kuma yawon aro ba, a jira ni. Suka jira ni. Ranar wata Talata da hantsi ina kan awo a kasuwa ƙanena ya kira ni ya ce Inna ta cika.

Bayan addu'ar bakwai na shiga Kano ba tare da buhu ko ɗaya ba. Na miƙa wa dattijon takardar nan, har ta yi laushi a aljihu. Bai ce ai na gaya maka ba. Ya ɗauko ɗan gilashin ya sa a leda, ya tambayi lafiyar yarinyar. Duka cinikin bai kai minti goma ba. Da na dawo gida ban ba matata ta kai mata ba, na sa aka kira ta, na miƙa mata da hannuna, na ce ta yafe mini. Wannan ce magana mafi tsawo da na taɓa yi mata. Ta ce babu komai, Allah bai nufa ba ne. Washegari ta kawo mini hoto guda da ta wanko a Rano, shi kaɗai ne ya fito a cikin duk waɗanda ta ɗauka ranar, wanda ta ɗauka daga tsakar gida. Hannun Inna ne a gefen gado, da jan lalle, da carbi a tsakanin yatsu, har tabon lauje da yake bayan babban yatsanta ya fito sarai.

Na san mutuwa ba ta jiran kowa, kuma hoto ba ya ƙara wa mamaci komai, addu'a ce take isa gare shi. Amma tsohuwar nan ta yi shekara tamanin tana ƙi, ta yarda sau ɗaya saboda jikarta, ta yi kwalliya ta zauna tana jira, ni na hana. Na sayi kyautar ne don idon mutanen walima, ba don mai kyautar ba. An ce girman kai rawanin tsiya, ni na naɗa shi har sau uku: a shago, a hanyar Kano, da ranar da na hana aro. Ina kira ga iyaye 'yan'uwana, in za ku saya wa yaro kayan da shi zai yi aiki da su, ku tambaye shi, ku kuma saurari wanda ya san kayan, don sanin hatsi ba sanin komai ba ne. Kunyar ɗan fari al'adarmu ce, ban ce a yar da ita ba, amma kada ta kai ku inda kiran waya na minti ɗaya zai gagare ku. In kuma kun gane kun yi kuskure, ku koma a ranar, kada ku ce sai zuwa na gaba.

Yarinyar tana nan tana ɗaukar hoto da ɗan gilashin nan, har matan unguwa suna kiranta suna da biki. Dogon kuwa yana cikin kwalinsa a saman sif. Hoton hannun na sa shi a firam na rataye a ɗakina. Kwanan baya autana, wanda yake goye lokacin rasuwar, ya tsaya yana kallonsa, ya tambaye ni yaya fuskar mai hannun take. Na buɗe baki zan kwatanta masa, na rufe ido ina nemanta, sai na tarar ni ma ta fara ɓace mini.