Shekara Bakwai da Kulle Shagon Yaya Haliru

Damina bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Haliru mai gyaran rediyo na Gwandu. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi ana tsakiyar noman gero, kafin mu ankara sai ga mu zaune a kan tabarmar gaisuwa. Ni ce ƙanwarsa Luba, ina aure a Kalgo, a nan nake koyarwa a firamare. Kowace shekara idan wannan lokaci ya zagayo nakan yi sadakar ƙosai, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. 'Yan uwa su yi mini haƙuri da na kawo zancen gida jarida, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wanda ya san Gwandu a wancan lokaci ya san shagon. Ɗan ɗaki ne a jikin katangar gidanmu, cike da matattun rediyo da kaset da fanka. Ranakun Alhamis da Juma'a, da yake babu makarantar allo, yara kan cika ƙofarsa kamar ana rabon alewa. Yaya ba ya korar kowa. Sai ya miƙa wa yaro rediyon da ya mutu murus da sukurudireba, ya ce buɗe ka ga abin da ke magana a ciki. Sharaɗinsa ɗaya ne: kowane noti ka kwance, ka jera shi a faranti bi da bi, don ka san hanyar komawa. Ban taɓa ganin ya ɗaga wa yaro hannu don ya ɓata abu ba. Innarmu, Allah ya jiƙanta, takan leƙo ta ce, "Haliru, kai da ɗiyan mutane za ku ƙone muna gida wata rana." Sai ya yi dariya ya ci gaba da narka dalmarsa.

Da motar kara suka fara, irin wadda kowane yaro ya iya. Shi ya nuna masu yadda za su ciro ɗan injin da ke juya kaset su ɗaura mata, su yanka taya daga tsohon silifa, su haɗa batir, sai ga mota tana tafiya ba mai janta da zare. Ya ƙirƙiro masu wasa: a shimfiɗa katako a kan kwatar ƙofar gida, motar da ta haye ba ta faɗa ba ita ta ci. Ladan wanda ya ci kuwa, shi zai buɗe rediyo na gaba. Wallahi na ga yaro yana kuka da majina don motarsa ta faɗa kwata, na kuma gan shi da kansa ya dawo mako na gaba da wadda ta fi ta.

Yakan ba su labarin masu ƙirƙira, amma ba ya kai su nesa. Yakan ce wanda ya fara ɗaura guga a jigo don ban ruwa ba wanda ya san sunansa, amma shi ya tabbata wani ne da bayansa ya gaji da sunkuyo. Wata shekara tsuntsaye suka addabi shinkafar maigidana a fadamar Kalgo. Yaya ya kwaso yaransa a motar haya, suka zo da mutum-mutumin da suka haɗa da kara da tsumma da injin fanka da batirin babur. Hannunsa na ɗagawa yana dukan gwangwani. Tsuntsaye suka watse, haka ma wata tsohuwa mai tallar fura, wadda ta yar da ƙwaryarta tana salati. Kafin la'asar batir ya ƙare, tsuntsayen suka dawo har suna sauka a kansa. Yaya ya biya kuɗin fura, ya tara yaran ya tambaye su me za a gyara. A hanyar komawa, in ji direban, gardamar da suka yi ta yi ke nan har Gwandu.

Da ya rasu ya bar mata ɗaya da ɗiya ɗaya, Hafsatu, tana da shekara biyar. Aka raba gado yadda addini ya ce, kayan shago suka faɗo a rabon yarinya. Uwarta ta gama takaba, daga baya ta yi aure a Maruda, riƙon Hafsatu ya koma hannun babban yayanmu, Alhaji Bello. Ranar da aka gama rabo ya sa kwaɗo ya kulle shagon, da kayan aikin da motocin yaran da komai. Alhamis ta zagayo, yara suka zo suka tsaya cirko-cirko a ƙofa. Ya fito ya ce masu kayan marainiya ne, wuta ne, kowa ya kama gabansa. Sun ƙara zuwa sau biyu ko uku, daga nan ba su sake ba.

Kada wani ya ɗauka Yaya Bello mugu ne. Ban san mai tsoron Allah kamarsa ba. Hafsatu ba ta taɓa kwana da yunwa ba, ɗinkin sallarta tare da na ɗiyansa ake yi, makaranta kuwa ko ciwon kai take sai ya duba da kansa kafin ya bar ta ta zauna gida. Tsoron cin dukiyar maraya ne ya sa ko allura bai yarda a ɗauka a ɗakin nan ba, sai ta girma ta mallaki hankalinta ya damƙa mata abinta cif. To amma rufin yana yoyo. Na leƙa ta tagar baya bara, na ga gara ta cinye motocin kara, tsatsa ta kama sauran. Abin da ake adana mata yana ruɓewa, ita kuma tana wucewa ta ƙofar safe da yamma.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ba wanda ya koya wa Hafsatu komai, amma tun tana shekara takwas take kwance duk abin da ke da noti, da bakin wuƙa ko da cokali. Ta gyara tocilar maƙwabciya, ba wanda ya ce mata sannu. Ta buɗe agogon bango ta kasa mayarwa, aka zane ta. A gidan har suna suka sa mata, Hannun Ɓarna. Da azumin da ya wuce ta buɗe rediyon da Baffanta ke jin labarai da shi, wai tana son ta gano abin da ke sa shi shaƙewa. Wata 'yar waya ta tsinke. Dukan da ta sha ranar, matar Yaya Bello da kanta ta kira ni tana kuka.

Na hau mota na je. Na durƙusa gaban yayana na ce ya dubi girman Allah ya buɗe wa yarinya shagon ubanta, ko matattun rediyon ne ta riƙa koyo a kansu, ta bar masa nasa lafiyayyu. Ya ce, "Ke Luba, so kike in shiga wuta? In ta lalata su, mi zan ce ma Haliru ranar da muka haɗu?" Na ce ai don a lalata su Haliru ya tara su. Ya ce wannan shi da kayansa ne, yanzu kuwa amana ce. Na je wurin wani malami da yake jin maganarsa, malamin ya ce ba laifi a yi wa maraya amfani da dukiyarsa in don maslaharsa ne. Yaya Bello ya ce maslaha ita ce ci da sutura da littafi, wasa ba ya ciki. Na fito zauren, don takaici har takalmina na manta.

Nakan zauna in ce da Yaya Haliru zai ɗago kai ya ga yau, me zai ce? Ga fitilun sola da wayoyi da fankokin caji da suka mutu jibge a kowane gida, abin da shi yake bi ƙauye-ƙauye har Dodoru yana roƙo, yanzu 'yan gwangwan ke auna su a sikeli su tafi da su. Ɗalibaina suna nuna mini a waya yadda yaran wasu garuruwa ke haɗa mutum-mutumi mai tafiya da kansa, ana tafa masu. Suna kallo baki buɗe, an gama su koma wani bidiyon. Ko motar kara na daɗe ban ga yaro yana ja ba a unguwarmu. Na san da zai yi murna da yawan kayan, ya kuma tambaye mu ina wanda ke zama da yaran. Ni da ke rubutun nan alli kawai na iya riƙewa, ko fis ɗin lantarki ban san yadda ake canzawa ba.

Ba a ce bai bar komai ba. Cikin yaran ƙofar shagonsa akwai wanda yanzu shi ke haɗa wa mutane sola a nan Kalgo, akwai mai gyaran injin ban ruwa da manoman Dangoma ke layi a wurinsa. Duk inda suka gan ni sai sun durƙusa sun yi masa addu'a. Wannan sadaka ce mai gudana, ina kuma gode wa Allah da ita. Ku nake roƙo, ku da kuka ci moriyarsa: ku tara kanku ku je ku gaida Alhaji Bello, ku faɗa masa da bakinku abin da mataccen rediyo ya yi maku. Wataƙila ya ji maganar maza masu sana'a a hannu, tunda tawa ta ƙanwa ce. Amma ku yi sauri, don Allah. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma tanƙwarar da ake yi wa wannan yarinya ba ta inda ubanta zai so ba ce.

Juma'ar da ta wuce na je Gwandu da fankar cajina da ta daina juyawa, na naɗe ta a zane kamar kayan wanki. Na ja Hafsatu bayan rumbu na buɗe mata. Na ce ɗiyata, duba mini wannan, ko kin ɓata ba mai taɓa ki, tawa ce. Ta daɗe tana kallon fankar. Na ga yatsunta sun motsa, sai ta mayar da hannuwanta baya ta harɗe su.

"Gwaggo, ai na bari," in ji ta. "Baffa ya ce yanzu na yi hankali."

Tana murmushi ta faɗa, tana jira in yaba mata. Na kasa cewa madalla, na kuma kasa ce wa marainiya ta saɓa wa mai riƙonta. Na naɗe fankata na fito. Ranar da aka ɗauki Yaya Haliru ban yi kuka sosai ba, ina ta hidimar baƙi. Sai Juma'ar nan, a motar komawa Kalgo, na yi shi, har matar da ke kusa da ni ta dafa ni ta tambaye ni wa ya rasu. Na ce mata yayana. Ta ce yaushe? Na ce ɗazu.

Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.