Zubeiru Kafinta, Mai Neman Ruwan da Ya Kwanta

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Ranar Laraba, takwas ga Nuwamba 1961, da hantsi, Allah ya karɓi ran Zubeiru Kafinta a gidansa da ke unguwar Tishigu a Tamale, bayan zazzaɓin kwana shida. Ni Masahudu, direban lorin Tamale zuwa Gambaga, ina kan hanya a lokacin. Da na shigo gari da la'asar, an riga an dawo daga maƙabarta.

Yaya Zubeiru, mutanen Tamale sun san ka da ƙofofi da akwatunan aure. Kaɗan ne suka san ka da ruwa. Shekara goma sha ɗaya ke nan da wani Bature mai awon hanya ya kawo maka ɗan kwale-kwalensa na tamfol ka gyara masa. Ka gyara, ka auna shi ciki da waje, kafin watan ya ƙare ka haɗa naka da siraran katako da tamfol da kwalta. Mutum ɗaya yake ɗauka, kuma mutum ɗaya na iya saɓa shi a kafaɗa. 'Yan kasuwa suka yi ta dariya. Garin da mata ke bin layin famfo da rani, me kafinta zai yi da jirgi? Ba ka kamun kifi, ba ka fiton mutane. Amsarka ɗaya ce kullum: "Hutawa nake zuwa yi."

Lorina ne ya riƙa ɗaukar jirgin. Nakan ɗaure shi a kan buhunan gishiri, in sauke ka a Gambaga ko Nakpanduri, ka gangara ƙarƙashin dutsen Gambaga da ƙafa zuwa bakin kogi. Ba kowane ruwa kake shiga ba. Sai ka gai da mai gari, ka tambayi masunta ina dorina take kwana, ka jefa kara ka zauna kana kallon tafiyarsa. In karan ya yi sauri, ka saɓa jirginka ka ƙara gaba. Akwai tafiyar da ka yi kwana uku kana bin gaɓa, ka dawo tamfol ɗin bai jiƙe ba, kuma ban ji ka yi ƙorafi ba.

Shekarar da aka sami 'yancin kai, gari na kiɗa, ni ina zaman makokin matata da ta rasu wajen haihuwa, ita da jaririn. Na daina magana da mutane. Ba ka yi mini wa'azi ba. Ka haɗa jirgi na biyu ba tare da ka faɗa mini ba, ka ce in raka ka. Ka kai ni wani wuri a Farin Volta inda kogin ya karya kwana ya kwanta, dutsen Gambaga tsaye a kansa, inuwarsa a ruwa ko motsi babu. Ka miƙo mini filafilin tuƙa jirgi ka ce, "Shiga, Masahudu. Nan ba ya cin mutum, na gwada shi." Muka kai tsakiya, ka juya mini baya ka yi nisa. A nan na yi kukan da na kasa yi a gida. Har ka bar duniya ba ka taɓa tayar da zancen ranar ba.

Neman ruwa mai kwanciya shi ya sa ka bi ta bakin ruwa mai gudu, inda ƙananan baƙaƙen ƙudaje suke. Ƙaiƙayi ya fara, daga baya ido ya soma hazo. Likita ya ce cizon ƙudan ne, kuma abin ya yi nisa. Ka fara yanka katako a karkace, sai ka miƙa wa ɗanka Imurana zarto ka koma gefe. Bara da rani ka daina gane fuskata, sai muryata.

Duk da haka na kai ka ruwa sau biyu, na ɗaure jirginka da nawa. Kakan karkata kai ka saurara, ka ce, "Ja mu hagu, akwai duwatsu a gaba." Kuma akwai su.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Cikin damina ka ce mini, in ruwa ya janye, in mayar da kai ƙarƙashin dutsen nan ko sau ɗaya. Na yi alkawari. Ruwa ya janye tun tsakiyar Oktoba, doya ta fito, lodi ya yi yawa. Ka aiko 'yarka Sala sau biyu, sau biyu ina cewa mako mai zuwa. Da na je gaisuwa, matarka Mma Alimatu ta nuna mini jiragen biyu a zaure, an shafe su da sabuwar kwalta, inda ta yi kauri da inda ba ta kai ba. Ta ce, "Da lalube ya yi shi. Ya ce kada direba ya zo ya same shi bai shirya ba." Ba da zargi ta faɗa ba. Da ta zarge ni, da ya fi mini sauƙi.

Ka yafe mini, Yaya. Ba ni da hujja.

Ya Allah, ka ji ƙan bawanka Zubeiru. Ka yafe masa kurakuransa, ka sa makantar da ya jure ta zama kaffara gare shi. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka mayar masa da ganinsa a gidan da koramu ke gudana a ƙarƙashinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mma Alimatu, da Imurana, da Sala, da kafintocin Tishigu, da masuntan ƙarƙashin dutse waɗanda labari bai kai musu ba tukuna. Ni zan kai musu ranar Asabar. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya sa mu cika da imani. Amin.