Mai Lamba Sha Bakwai

Ran nan a jirgin ƙasa, wajen Highbridge, wani saurayi ya buɗe wayarsa ba tare da abin kunne ba, sai waƙar 'yan kallon ƙwallo ta cika taragon. Ban san ko wace ƙasa ce ba, amma irin waƙar nan ce mai ja, ta mutanen da suke tsaye cikin sanyi. Kafin in ankara na koma falonmu na hawa na biyar, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, Baba na kishingiɗe a kan dardumarsa yana cewa bayansa kawai yake hutarwa.

Bari in gaya muku yadda gidanmu yake. Ni a nan ƙasar waje, a unguwar Bronx, aka haife ni. Yayana kuwa, ɗan farin iyayenmu, a Kano aka bar shi wurin Kaka tun yana ƙarami, takardunsa na zuwa wurinmu ba su taɓa fitowa ba. A waya na san shi. Da ya girma ya bar karatu ya kama ƙwallo, har wata ƙungiya a Sweden ta ɗauke shi. Baba ya ƙi. A gabana ya ce masa ta waya in ya tafi to ba da yawunsa ba. Yaya ya tafi, daga nan kuma sai ya zama Mama da ni kaɗai yake kira.

Su can ba a buga gasa cikin hunturu, sai ƙanƙara ta narke. A watan Afrilu aka fara, lokacin da mu ma muka fara buɗe taga. Wata Lahadi da safe Baba ya dawo daga masallaci, maimakon ya fita da tasi sai ya ce in duba masa a kwamfuta ko ana nuna ƙwallon mutanen nan masu sanyi. Na nemo. Ƙarfe uku na yammarsu tara ce ta safiyarmu, don haka da shayi da ƙwai muke kallo. Ya ce wannan tsakaninmu ne, kada ya ji a bakin kowa. Ni kuwa akwai riƙon amana, har ya wuce misali.

Mutumin da ya ce ƙwallo aikin banza ce, kafin wata biyu ya haddace jadawalin gasar kaf. Ya san wa ke sama, wa ke jan gindi, ya san mai horarwar ba ya canza ɗan wasa sai lokaci ya ƙure, kuma yana yi masa faɗa da Hausa. Amma duk lokacin da Yaya ya taɓa ƙwallo, ba ya cewa komai sai “mai lamba sha bakwai ɗin nan”. Ban taɓa jin sunan a bakinsa ba. Wannan abu ya tsaya mini a rai, domin ni sunana sau ashirin yake kira a wuni.

A watan Yuli aka shiga wasannin share fagen gasar Turai. Suka fitar da wata ƙungiya da sai da muka duba taswira kafin mu gane ƙasarta. Zafi ya cika gidan, fanka na juyawa, Baba ya daina zancen ciwon baya. A kwanakin ne Yaya ya tambaye ni ko Baba yana ambatonsa. Na tuna alkawari, na kuma tuna abin da kunnena ya ji, sai na ce masa gaskiya ko sau ɗaya ban taɓa jin ya faɗi sunansa ba. Sai ya juya zancen, ya tambaye ni makaranta. Ni a lokacin gani nake na yi dabara, ban yi ƙarya ba kuma ban tona asiri ba.

A Agusta aka fitar da su, kuma ta ƙafar Yaya. Bugun fenariti ne na ƙarshe, mai tsaron gida ya ture. Baba ya tashi ya ɗauki makullin mota ya fita, shayinsa ko rabi bai sha ba. Bayan nan aka ajiye Yaya a benci mako bayan mako. Da ganye ya fara zuba a titinmu, ya ce mini ya san dalili: bakin uba ne yake bin sa, kuma in kakar wasa ta ƙare zai ajiye ƙwallo ya koma gida. Muryarsa ta ba ni tsoro.

Na sami Mama a kicin tana tuƙa tuwo, na zazzage mata da Turanci, na ce Baba ya tsani ɗansa, ko sunansa ba ya iya faɗa. Ta ajiye muciya ta dube ni.

“Ke, ni kin taɓa ji na faɗa? Ɗan fari ne. Kunyarsa muke ji.”

Ta ce haka suka tashi suka gani, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yaba shi a gaban mutane. Yaya ya san haka sarai. Ba suna ya tambaye ni ba, so yake ya ji ko yana ran mahaifinsa, ni kuma na ba shi amsar da ta sare masa gwiwa. Kunya ta kama ni, na yi kuka. Da Baba ya dawo na faɗa masa komai, da abin da na ce da abin da Yaya yake shirin yi. Bai yi mini faɗa ba. Ya daɗe yana murza hularsa, ya shiga ɗaki.

Wasan ƙarshe a Nuwamba ne, bututun ɗumama ɗaki na ta ƙwanƙwasa. Suna neman nasara don su sake samun gurbin Turai, sai aka tashi canjaras, suka rasa. Yaya minti goma kawai ya buga. Da muka kintaci ya fito daga fili, Baba ya ce in kira shi in buɗe murya. Bai karɓi wayar ba. Ya juya fuskarsa wajen taga, ya yi magana da ni kamar mu biyu ne a ɗakin.

“Ki faɗa wa mai lamba sha bakwai, tun Afrilu ba wasan da ya wuce ni. Fenaritin Agusta kuma gola ne ya yi ƙoƙari, ba bakina ba ne. Maganar da na yi na janye. Tun ran da aka haife shi albarka nake sa masa. Ki ce ya zauna ya yi aikinsa.”

Ban maimaita ba, don ba buƙata. Muna jin numfashin Yaya a wayar, sannan ya ce, “Ki ce masa na ji.” Mama na bakin ƙofa tana share ido da gefen mayafi.

Yaya ya ƙara shekara tara yana bugawa, yanzu yara yake koyarwa a can. Har Baba ya rasu, sau biyu kawai suka ƙara haɗuwa ido da ido. Mu da muka tashi a nan mun saki wannan kunyar, ni ɗana na fari har a titi nake ƙwala masa kira, kuma ban ce mun yi laifi ba. Amma bara Yaya ya sami ɗa namiji, na farko, ya sa masa sunan Baba. Na kira shi ina tsokanarsa, na ce to faɗi sunan yaron in ji. Ya yi dariya, dariyar ta tsaya a hanya, ya ce in tambayi uwar yaron.