Ranar da Yaya Ya Gyara Zauren Baba

Mahaifina baduku ne a Birni. A zauren gidanmu yake aiki, zaune kan buzu, kayansa zube a ƙasa kewaye da shi. Baƙo zai ɗauka watsar da su aka yi. Ni da nake kai masa ruwa na san ba haka ba ne. Almakashi yana ƙarƙashin gwiwarsa ta dama, aska a jikin dutsen washi, basilla a soke a bakin buzun, zare cikin wani fasasshen ƙoƙo ta hagu.

Lokacin ban daɗe da shiga lakwal ba, makarantar da Nasara suka buɗe. Ba ni da baki, a aji ko a gida, sai kallo. Da kallon na gane Baba ya daina duba abin da zai ɗauka, hannu kawai yake miƙawa. Wata rana ina ajiye masa ruwa na ga wani fari-fari ya kwanta a kan baƙin idonsa. Ya ji na tsaya.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "abin da kika gani a zaure, ki bar shi a zaure. Wa zai kawo wa makaho ɗinki?"

Yayana kuwa yana koyon aiki a garajin Nasara, inda ake gyaran kamyo, manyan motocin ɗaukar kaya. Kullum labarinsa ɗaya ne: a can kowane ƙarfe yana da ƙusarsa a bango. Ranar da Baba ya tafi Gaffati ta'aziyya, sai ga Yaya da katako a ka da gwangwanayen kifi a buhu.

"Yau zan fitar da Baba kunya," in ji shi. "Ke kurma, riƙe mini nan."

Na riƙe. Ya kafa katakon a bango, ya jera ƙusoshi, ya rataye almakashi da aska da guduma, ya zagaye kowanne da alli. Basilla da allurai da zare ya rarraba su cikin gwangwanaye, duk girmansu ɗaya. Ya fitar da buzun da ƙoƙon, ya kawo wani akwati ya zama teburi.

"Yaya, da ka bari ya dawo."

"Don ya hana? Ke ba ƴar lakwal ba ce? Rubuta mini sunan kowane abu a jikin gwangwaninsa."

Na rubuta. Allin yana ta karyewa a hannuna.

Da Baba ya dawo, maƙwabta sun riga shi cika zauren suna kallo. Ya tsaya ya fuskanci inda ya ji ana yabo, ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Bayan an watse ya zauna, ya miƙa hannu ƙarƙashin gwiwarsa. Yashi ya damƙo.

Washegari da sassafe na sauke kayan, na shimfiɗa tabarma, na mayar da kowanne inda na tuna. Yaya ya fito zai tafi aiki ya gani.

"Wasan ƴar tsana kika samu da aska?" Ya finciki kunnena, ya mayar da komai bango. Baba yana zaune yana jan carbi.

Daga nan sai ya zama in ina gida, Baba ya ce, "Uwata, miƙo mini kaza," kamar mai jin ƙyuya. Amma da safe ina lakwal, wanda bai je ba kuma har gida ake biyo shi. Fatu suka fara taruwa a kan akwatin.

Wata la'asar wani tsohon mai kawo masa aiki ya zo da jar fata, yana son a yanka masa jaka a gabansa. Inna ta aike ni ɗebo wuta, na dawo na tarar Baba ya tashi da kansa. Yana shafa katakon a hankali, yana ta jan mutumin da hirar farashin gero. Aska yake lalube, tana rataye ta damansa. Ya kama askar ta kaifinta.

Mutumin ya kalli jinin, ya kalli idon Baba, ya sunkuyar da kai.

"Malam, sannu. Ka ga na ma tuna, bari in kawo ta bayan kaka."

"Duk yadda ka gani," in ji Baba.

Mutumin ya naɗe fatarsa ya yi sallama. Na yago bakin ɗankwalina ina ɗaure wa Baba yatsa.

"Leƙa ki gani," ya ce a hankali. "Hanyar kasuwa ya bi?"

Na leƙa. Mutumin yana cire takalmi a ƙofar wani badukun da ke ƙarshen lungunmu.

"Uwata, ina ya bi?"

Na tsaya a bakin ƙofa ina murza allin da ya maƙale a farcena, har Baba ya daina tambaya.