Takardar da Na Rubuta wa Golanmu

Shekara bakwai ina shugabancin kulob ɗin ƙwallon unguwarmu a Illela, kuma ba zan yi ƙaryar tawali'u ba, na gyara shi. Na tarar da 'yan wasa suna zuwa atisaye lokacin da suka ga dama, na bar su suna isowa kafin ni. Ni mutum ne mai son takarda da hatimi. Wannan halin ne ya kai ni inda na kai, shi ne kuma ya raba ni da taubashina.

Ɗan gwaggona ne, kuma shi ne golanmu. Gidansu yana Ƙonni, can tsallaken boda, amma rabin ƙuruciyarsa a ɗakinmu ya yi ta. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa da mutunci ba. Ina hango babur ɗinsa zan ce ga bawana ya iso, shi kuma ya ce wa ya ɗaura wa jaki agogo har ake ce masa shugaba. Duk garin shi kaɗai ke iya yi mini haka a gaban 'yan wasa in yi dariya. Sai daga baya na gane shi kaɗai ne kuma nake hira da shi.

Wata shekara masu shirya gasar ƙananan kulob-kulob na jiha suka ce ba wanda zai buga sai mazaunin jihar. Mu 'yan bakin iyaka mun san yadda ake yi da irin wannan doka. Ka rubuta gidan kawu a matsayin gidan ɗan wasa, kowa ya kau da kai. Ni na ce ba da ni ba. Har yau ban ce na yi kuskure a nan ba. Kuskurena yana ga yadda na sanar da shi.

Na kasa kallon idonsa in faɗa masa, sai na ɓuya bayan ofis. Na sa aka buga takarda da Turancin Ingilishi, cewa kulob yana godiya da hidimarsa, amma an sallame shi. Na sa hannu, na danna hatimi, na ba wani direba ya kai masa. Na manta, ko in ce ban tsaya na tuna ba, cewa shi makarantar Faransanci ya yi. Da ya ga hatimi ya ɗauka abin arziki ne, ya kai wa wani malamin makaranta a teburin mai shayi, aka karanta masa da ƙarfi, aka fassara, jama'a na ji.

Washegari ya zo shagona na kayan babur. Bai sauka daga babur ɗinsa ba.

“Mi na yi maka?” ya ce. “In kora ta, bakinka ciwo shikai? Ni za a aiko ma takarda?”

Na fara yi masa bayanin doka. Ya saurara har na gama, ya juya babur.

Bayan watanni aka kira ni Sakkwato. An zaɓe ni gwarzon shugaban kulob na shekarar, saboda tsabtar rajistarmu. Aka ba ni kujera biyar ta 'yan rakiya. Na faɗa wa 'yan wasa, kowa ya kawo uzuri. Wannan ranar kasuwa ce, wancan zai kai albasa Amarawa. Ba su yi mini rashin kunya ba, amma tun da aka cire gola suke yi mini biyayyar da ba gaisuwa a cikinta. Na sa babbar rigata na shiga motar haya ni kaɗai.

A zauren taro kowane shugaba ya zo da tawagarsa, har da masu kiɗa. Ni ina zaune tsakanin kujeru biyar da ba kowa. Da aka zo kaina, mai gabatarwa ya ɗaga wata takarda, ya ce ga misalin shugabanci, mutumin da bai bar zumunci ya hana shi bin ƙa'ida ba. Kwafin takardar nan ce, da ni da kaina na haɗa cikin rahotonmu don a ga aikina. Ya karanta ta daga farko har ƙarshe. Karo na biyu ke nan ana karanta ta a bainar jama'a, wannan karon da tafi. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma miƙa hannu na karɓi lambar yabon ina murmushi. Mai hoto ya ce in kira mutanena mu tsaya. Na ce ya ɗauka haka nan.

Ranar Juma'a na naɗe lambar a leda na tsallaka Ƙonni. Ba don in yi alfahari ba. So nake ya gan ta ya yi mini tsiya, ya ce katakon ma na kwali ne, ya zage ni tas, mu wuce wurin. Ko mari ya kawo na shirya karɓa.

Na yi sallama ya fito. Ya koma ciki ya ɗauko sabuwar tabarma, wadda gwaggo ke ajiye wa baƙi, ya shimfiɗa mini a zaure. Ya kawo ruwa, ya durƙusa ya ajiye. Ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Na buɗe ledar, ya karɓi lambar da hannu biyu, ya duba ta da kyau.

“Mun ji labari, shugaba,” ya ce. “Allah shi ƙara ɗaukaka.”

Na yi ƙarfin hali na ce wato bawa ya koyi ladabi ke nan. Na jira. Ya sunkuyar da kai, ya ce in ya taɓa yi mini ba daidai ba a baya, in yi haƙuri.

Na zauna kaɗan. Da na miƙe ya ɗauko mini takalmana ya jera, ya raka ni har bakin titi, ya tsaya sai da na hau babur, kamar yadda ake yi wa babban baƙo.