Har Sai An Samu Sauƙi

Ranar Asabar ce da hantsi, ƙarshen watan Disamba na shekarar 1983. Muna zaune a ƙofar gida, a ƙauyenmu da ke gefen Minjibir, manya suna shan rana saboda sanyi, ni kuma ina tufkar igiyar rama a cinyata. Baffa Haladu, yayan mahaifina, ya ɗora rediyonsa a kan kifaffen turmi, kuma tun safe ba abin da ke fita daga cikinta sai badujalar soja. Can aka katse kiɗan, wani ya yi bayani cewa sojoji sun karɓi mulki, an jingine tsarin mulki, an rufe kan iyaka, kuma ba fita daga faɗuwar rana har wayewar gari. Mahaifina ya ce, "Yaya, zuwa yaushe?" Baffa ya kai rediyon kunne ya saurara, sannan ya ce, "Ba su faɗa ba." Damuwarmu a shekarar nan tana cikin rumbu, ba a Legas ba.

Damina ta ɗauke da wuri, gero ya yi ƙanana, dawa ta bushe a tsaye kafin ta fitar da kai. Gidanmu gidan gandu ne, gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Baffa ne mai gandu, amma tun zamanin kakanmu akwai abubuwan da ba ya yi shi kaɗai. Ba ya buɗe rumbun iri, ba ya sayar da dabba, ba ya sauya wa yaro aiki, sai an zauna a zaure shi da mahaifina da Iya, kakarmu. Iya takan ce, "Gidan nan ba a yanke magana a tsaye." Kowane magidanci kuma yana da gayaunarsa, wato ƙaramar gonar kansa, wadda yake nomawa da yamma da ranar Juma'a.

Ina aji biyu a firamare a lokacin. Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen mota ne da aka rataye a jikin darbejiya. A ƙasa muke zama, mu share rairayi da tafin hannu mu zana baƙi da yatsa. In an tashi tara sai langa da ƙwallon tsumma, har Malam Tijjani ya fito yana kiranmu da sunayen da ya laƙaba mana. Ni "Sarkin Jinkiri" yake ce mini, don sai kowa ya gama nake gamawa. Amma na fara haɗa baƙi biyu su ba da kalma, kuma ina jin daɗin haka fiye da yadda zan iya faɗa.

Bayan juyin mulkin da 'yan kwanaki Baffa ya kira zama. Ya ce abincin da ke rumbu ba zai kai mu shuka ba, samarin gidan kuma sun tafi ci-rani. Ya nemi a bar masa magana shi kaɗai, a haɗe gayauna da gandu, ni kuma a ɗan cire ni daga makaranta in riƙe jakuna. "Ko gwamnati ta jingine nata," in ji shi, "balle mu." Iya ta tambaya ko har yaushe, ya ce, "Har sai an samu sauƙi." Kowa ya ce Allah ya kawo. Ba wanda ya ga dacewar a yanka wa sauƙin Allah rana, kuma ba wanda ya tambayi wa zai faɗi cewa ya zo. Mahaifina bai ce komai a kaina ba. Ni ɗan fari ne, kuma a wurinmu uba ba ya kama sunan ɗan farinsa, balle ya tsaya yana yi masa roƙo a gaban yayansa. "Yaron nan" yake ce mini, Inna mahaifiyata kuma "kai".

Haka na koma bin jakuna. Bayan sallar asuba in ɗaura akumari, in ɗora kara da itace, in bi ayarin maƙwabta zuwa birni. A can mu sayar, mu sayo tsaba da dussa, mu cika mangaloli da toka da shara da kashin dabbobi, mu kawo gona mu zube tsibi-tsibi. Hanyar ta gaban makarantarmu take bi. Da farko nakan rage tafiya in saurari karatu ta taga, daga baya na koma kora jakunan da sauri, don yara suna leƙowa suna kwaikwayon kukan jaki. Ƙafafuna suka yi kaushi, kafaɗuna suka saba. Damina ta biyu ma ba ta yi kyau ba, muka ci tafasa da rama har muka gaji da ganin ganye. Gaskiya ita ce dabarar Baffa ta riƙe mu. Ba a sayar da ko taku ɗaya na gona ba, ba a ci iri ba, kuma ba mu binne kowa saboda yunwa ba. Baffa ne yake cin abinci a ƙarshe.

Sai ruwa ya dawo. Gero ya yi kyau, aka ɗaure dammuna har aka gina sabon rumbu. Iya ta rasu a kakar nan, zaman zaure kuma bai sake komawa yadda yake ba. Wata rana muna jibgar dammuna mahaifina ya ce, "Yaya, ai kamar an samu sauƙi." Baffa ya ce, "Daga damina ɗaya? Ka manta bara ke nan?" Da shekara ta zagayo mahaifina ya sake tuntuɓa, aka mayar masa da gayaunarsa. Na tsaya riƙe da igiyar jaki ina jira ya ƙara magana ɗaya. Ya dube ni, ya kau da kai. Baffa ma ba mugunta ya yi ba, ya ga jakuna suna tafiya daidai ne, ya manta cewa aro aka ba shi. Ƙannena duk sun yi makaranta, don su ana iya faɗin sunansu.

Yanzu furfura ta cika mini gemu, kuma ina zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar, ina zaune a bencin yara gwiwoyina suna taɓa tebur. Kwanan baya malamarmu, wadda na yi 'ya da ita, ta kawo mana darasi kan tsarin mulki. Na bi da yatsa a hankali, na karanta cewa shugaban ƙasa ba ya ƙaddamar da yaƙi sai majalisa ta yarda, kuma dokar ta-ɓaci tana faɗuwa bayan wata shida in majalisa ba ta sabunta ta ba. Na daɗe a kan layin nan har ta ce, "Baba, akwai kalmar da ta gagara ne?" Na ce babu, 'yata. Gandu ya watse, Baffa da mahaifina suna kwance kusa da juna, hanyar jakuna ta zama ta babura. Ina kewarsu duka, ban kuma riƙe kowa a zuciya ba. Tawa dokar dai ba wanda ya taɓa zama ya ɗage ta, sai da na gaji na ɗage da kaina.